Hodar rawaya a jikin dutsen tutiya: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ina haƙar dalma da tutiya a yankin Zurak da ke Wase. Nakan ga wata hoda ruwan ɗorawa manne a jikin dutsen. Tana da illa?

Amsa: Malam, Allah ya ba da sa'ar nema. Akwai wani ma'adini rawaya da ake kira girinokait, haɗin kadmiyom (wani ƙarfe mai guba) da farar wuta, wanda aka gano a Sikotlan a 1840. Ba shi da yawa, kuma galibi yakan fito kamar hoda a kan dutsen tutiya. Gwaji ne zai tabbatar ko shi ka gani. Amma ko babu rawayar, dutsen tutiya kan ɗauki kadmiyom a cikinsa, ga kuma dalma. Taɓawa da hannu ba ita ce babbar matsala ba. Shaƙar ƙurar ne da haɗiye ta. Kadmiyom yakan taru a ƙoda, sai ya yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A hankali yake cin ƙoda, ba ciwo ba zazzaɓi, daga baya ƙasusuwa su yi laushi. Haka ta faru a Toyama ta Japan: ruwan mahaƙa ya gurɓata kogin Jinzu da gonakin shinkafa, mutane, yawancinsu mata, suka riƙa karaya, har gwamnati ta amince da musabbabin cutar a 1968. Ka jiƙa dutse kafin ka fasa, ka rufe hanci, ka wanke hannu kafin cin abinci. Don Allah kada ka kai dutsen gida a daka inda yara suke.

Tambaya: Ni mai walda ne. Abin ya shafe ni?

Amsa: Sosai kuwa. Wasu ƙarafan ana lulluɓe su da kadmiyom, kuma hayaƙinsu kan kumbura huhu sa'o'i bayan an tashi aiki. In tari da sarƙewar numfashi suka taso maka da dare, ka nufi asibiti, kada ka jira gari ya waye.

Tambaya: Maigidana ya daɗe yana wannan haƙa. Akwai maganin wanke jiki?

Amsa: Hajiya, babu jiƙo ko ƙwayar da ke fitar da kadmiyom ɗin da ya riga ya zauna a ƙoda. A yi masa gwajin fitsari da na ƙoda. In yana shan sigari ya daina, domin ganyen taba ma na ɗauke da kadmiyom. Ke ma ki duba jininki, don jikin mai ƙarancin jini ya fi tsotse shi daga abinci.