Amsa ga mai neman manhajar da za ta riƙa rage masa girman hotunan shafi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, ka haɗa wa mai shagon yadi shafin intanet ne, duk mako ana turo maka sababbin hotunan shadda da atamfa da leshi, kai kuma kana buɗe kowanne a Photoshop ka fitar da shi girma uku kafin ka ɗora. Aikin ya ishe ka, kana tambayar Grunt za ka ɗauka ko Gulp, wato manhajojin da ake ɗora wa aikin da ake maimaitawa su riƙa yi da kansu, kuma girma nawa ya kamata a yanka.

Na daɗe ina irin wannan aikin, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne zaɓin manhajar ba shi ne babbar magana ba. Kowacce ka ɗauka za ta rage hoto. Inda mutane ke faɗuwa shi ne bayan an rage ɗin: an cika folda da ƙananan hotuna masu kyau, amma wayar mai saye tana ci gaba da sauke babban, domin ba wanda ya gaya wa burauza wanne za ta ɗauka. Saboda haka duk tsarin da za ka kafa, ka tabbatar abin da yake yanka hoton shi ne kuma yake rubuta HTML ɗin da zai kira shi, wato rubutun da burauza take karantawa ta nuna shafi.

Amma tunda ka tambayi manhaja, ga ra'ayina a taƙaice. Grunt ta 2012 ce, Gulp ta biyo baya a 2013, kuma duk suna aiki har yanzu. Ƙarin da ake haɗa wa Grunt don wannan aikin, grunt-responsive-images, yana buƙatar ka sa manhajar sarrafa hoto ta GraphicsMagick ko ImageMagick a kwamfutarka daban, ka sake sa su a duk injin da zai gina shafin. Da yawa daga ƙarin da aka rubuta wa Gulp don wannan aikin an daɗe ba a sabunta su ba. Ni dai manhajar rage hoto mai suna sharp nake amfani da ita kai tsaye, a ƙaramin fayil na Node (mai gudanar da JavaScript a kwamfuta) da ba ya wuce layi hamsin, sai in ɗaure shi a umarnin gina shafi cikin package.json. Sharp a kan libvips take tsaye, wadda take sarrafa hoto yanki-yanki maimakon ta shimfiɗa shi gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma masu ita sun ce ta ninka ImageMagick sauri sau 4 zuwa 5. Ita ce ma manhajojin gina shafi irin Astro da Eleventy suke amfani da ita a ƙarƙashi. Idan shafinka da ɗayansu ka gina shi, ko da Hugo mai nata injin hoton, to kada ka rubuta komai, yi amfani da abin da suka tanada kawai. Mai Vite kuma akwai vite-imagetools.

Idan kuma ka riga ka saba da Gulp ba ka son rabuwa da ita, ka kula da abu ɗaya. Tun daga Gulp 5 da ta fito a 2024, tana karanta fayiloli a matsayin rubutu ne sai in ka hana ta. Hoto ya bi ta nan sai ya fito a lalace, bai buɗuwa, kuma ba za ta yi maka kukan komai ba. Maganin shi ne ka sa encoding: false a wurin da kake ɗauko hotunan.

Yanzu batun girma, wanda shi ne ya cancanci zama. Kada ka kwafo lambobi daga shafin wani. Ka duba naka shafin, ka ga faɗin gurbin da hoto yake zama a ciki, sannan ka duba wayoyin da ke hannun masu sayen. Irin Tecno da itel da Infinix masu sauƙin kuɗi da suka cika hannun jama'a, da yawa faɗin fuskarsu fiksel 720 ne. Burauza kuma tana lissafa shi a matsayin 360, kowane ɗaya yana cin biyu na zahiri. To idan a shafin kaya ka jera yaduka biyu-biyu, kowane hoto yana samun kusan 170 a lissafin burauza, wato 340 na zahiri. Hoto mai faɗin 400 ya ishe shi har da saura. A waya mai faɗin 1080 wadda take ninkawa sau uku, gurbin nan zai nemi 510, sai 600 ya ɗauke shi. Idan mai saye ya taɓa yadin ya buɗe shi ya cika fuskar waya, 800 ko 1200 ake bukata. Kwamfuta kuma 1600 ya wadatar ga yawancin shafukan kasuwanci. Ka ga lambobin sun fito da kansu: 400, 600, 800, 1200, 1600.

Kwatanta wannan da abin da kyamarar waya take bayarwa. Hoto mai megafiksel 12 faɗinsa 4000 ne, tsawonsa 3000, nauyinsa yakan kai megabait 3 zuwa 5. Ashirin a shafi ɗaya sun tasar wa megabait 80. Kuma ba data kaɗai ba ce matsalar. Kafin waya ta nuna hoto sai ta warware shi, kowane fiksel bait 4, wato megabait 48 na ƙwaƙwalwa don hoto guda da za a nuna a gurbin da bai kai faɗin yatsu uku ba. Wayar da RAM ɗinta gigabait 2 ne, nan za ka ga shafin yana sarƙewa, wani lokaci burauzar ta rufe kanta. Mai sayen ba zai ce hoto ne ya yi nauyi ba, cewa zai yi shafin nan ba ya buɗuwa, ya koma WhatsApp. Ga kuɗin data ya ƙaru tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Wannan yana damuna sosai, domin wanda ya fi ƙarancin hali shi yake biyan kuɗin sakacinmu.

Ga wurin da na ce ake faɗuwa. A cikin srcset, wato ɓangaren HTML na hoto da burauza take zaɓa daga ciki, kana jera hotunan da faɗin kowanne. Amma burauza tana fara sauke hoto tun kafin ta gama karanta CSS, wato rubutun da ke tsara fasalin shafi, don haka ba ta san gurbin rabin fuska ne ba. Abin da zai gaya mata shi ne sizes, layin da ake rubutawa tare da srcset mai faɗin girman gurbin. Idan ka bar shi ba ka rubuta ba, ɗauka take yi hoton zai cika faɗin fuskar gaba ɗaya. A wayar nan mai 720 sai ta ɗauko na 800 maimakon na 400, wato ninki huɗu na fiksel ɗin da ake bukata. Kamar tela ne ya ɗinka riguna na yara da na manya, amma mai bayarwa bai ga wanda zai sa ba, sai yake miƙa wa kowa babbar riga. Ga shafi irin naka, wani abu kamar haka zai yi:

sizes="(min-width: 1000px) 25vw, 50vw"

Ma'anarsa a babban allo hoton rubu'in faɗi ne, a waya rabi. Duk ranar da ka canza jerin kayan daga biyu zuwa uku, wannan layin ma sai ya canza. Shi ya sa nake ajiye shi wuri ɗaya a cikin samfurin shafi, wato fayil ɗin da ake fitar da duk shafukan kaya daga gare shi, ba a kowane hoto ba.

Yadda nake haɗa ɓangarorin biyu kuwa ba wuya. Duk hoton da sharp ta rubuta, tana dawo maka da faɗinsa da tsawonsa. Sai in tara waɗannan a fayil ɗin JSON guda, samfurin shafi ya karanta daga nan ya rubuta srcset da width da height da kansa. Waɗannan biyun na ƙarshe kada ka raina su. Su ne suke sa burauza ta ware wa hoto gurbinsa tun bai iso ba, don kada rubutu ya yi tsalle mutum yana shirin danna maɓallin saye ya danna wani abu daban.

Akwai ƙananan abubuwa da za su ba ka ciwon kai in ba ka san su ba. Waya idan aka ɗauki hoto da ita a tsaye, sau da yawa a kwance take ajiye shi, sai ta rubuta a bayanan EXIF da ke ɓoye cikin fayil ɗin hoton cewa a juya shi lokacin nunawa. Sharp kuma tana goge waɗannan bayanan da kanta. Sakamakon shi ne ka buɗe shafi ka tarar da babbar riga a kwance a gefe. Ka kira umarnin rotate na sharp ba tare da ka ba shi lamba ba kafin ragewa, zai miƙar da hoton. Gogewar kanta alheri ce, domin cikin EXIF har da inda aka ɗauki hoton idan GPS na kunne, kuma mata da yawa masu sana'ar nan a cikin gidajensu suke ɗaukar kayan. Sannan ka kunna withoutEnlargement, don kada hoto mai faɗin 900 a ja shi zuwa 1600 ya ƙara nauyi ya kuma dushe. Hotunan iPhone na HEIC kuma sharp ɗin da ake saukewa a shirye ba ta karanta su, saboda batun haƙƙin mallakar fasahar, sai an mayar da su JPEG tukuna.

Ka roƙi mai shagon ya riƙa turo hotunan a matsayin takarda, wato ta wurin da ake tura fayil, ba ta wurin tura hoto ba. WhatsApp yana matse hoto kafin ya iso gare ka. Idan ka sake matse wanda aka riga aka matse, saƙar shadda takan koma kamar an shafa mata mai. Na asali su zauna a foldarsu, ba a taɓa su, duk sauran daga gare su ake fitarwa kowane lokaci.

Batun nau'in fayil, WebP na Google ne tun 2010, kuma Safari ta karɓe shi a 2020, don haka yau kusan kowa yana buɗe shi. Binciken Google ya ce yana ƙasa da JPEG da kashi 25 zuwa 34 cikin 100 a inganci ɗaya. AVIF ya fi shi matsewa a yawancin hotuna, Chrome ta karɓe shi a 2020, iPhone a 2022, amma yana ɗaukar lokaci sosai wajen fitarwa. Da alamar picture ta HTML za ka jera su, burauza ta ɗauki na farkon da ta iya, JPEG yana ƙasa saboda tsofaffin wayoyi.

Sai dai kayanka yadi ne, kuma a nan sai ka yi amfani da idonka. JPEG yadda aka saba fitar da shi, da WebP mai matsewa, suna rage bayanan launi zuwa rubu'i su bar na haske. A hoton mutum ko gini ba za ka lura ba. Amma ka ɗauki aikin wuya na jan zare a kan shuɗin yadi, ka zuƙo shi kusa: za ka ga jan ya zubo gefe, bakin zaren ya daina fita tsaf. Mai sayen yadi kuwa wannan yake dubawa. A JPEG za ka iya gyara shi da chromaSubsampling a kan 4:4:4, a AVIF ma sharp haka take barin sa, amma WebP mai matsewa ba shi da wannan zaɓin. Ni abin da nake yi, ƙananan hotunan jeri in matse su sosai, babban da ake buɗewa don duba saƙa in ba shi inganci 80 ko sama da cikakken launi. Ka zaɓi yaduka uku mafi wahala a shagon, mai ja, mai ƙyalli, da mai ƙananan zane, ka gwada lambobinka a kansu kafin ka sake su a kan sauran. Tambarin shago kuma SVG ne wurinsa, kada ya bi wannan layin.

Ka yi lissafin yawan fayil tun yanzu. Hoto 500, girma 5, nau'i 2, fayil 5,000 ke nan. In kowane gini sai an sake su duka, za ka riƙa jira har ka tsani tsarin, balle ga wuta da ba ta da tabbas. Ka sa fayil ɗinka ya duba ko na asali ya canza, in bai canza ba ya tsallake. Hanya mafi tsabta ita ce ka lissafa hash na hoton, wato gajeriyar lambar da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil wadda take canzawa in ya canza, ka sa shi a sunan fayil. In sunan yana nan an riga an yi, in babu a yi. Wannan kuma yana ba ka damar gaya wa burauza ta riƙe hoton shekara guda ba tare da tsoron za ta nuna tsoho ba, tunda sabon hoto sabon suna zai samu. Foldar da ake fitarwa kada ka sa ta a Git, ma'ajiyar tarihin fayilolin aikinka.

Hotunan da ke ƙasan shafi ka sa musu loading="lazy" don kada a sauke su sai an kusa isa gare su, amma ban da babban na sama da ido yake fara sauka a kai. Shi so ake ya iso da wuri, ma'aunin Google ma daƙiƙa 2.5 ya ba shi.

Wajen gwaji, ka buɗe kayan aikin Chrome, ka kashe ma'ajiyar wucin gadi (cache), ka zaɓi faɗin 360, sannan ka duba currentSrc na hoton, shi zai gaya maka wanda aka ɗauko da gaske. Kashe ma'ajiyar dole ne, domin in Chrome tana riƙe da babban ba za ta koma neman ƙarami ba, sai ka ɗauka tsarinka bai yi aiki ba. Daga nan ka ari waya mai araha, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe shafin da data a wurin da sabis yake da rauni.

Abu ɗaya da zai iya sauya duk wannan shawarar: in nan gaba mai shagon ne zai riƙa ɗora hotuna da kansa daga wayarsa, manhajar gini ba ta dace ba, tunda sai ka zauna ka kunna ta. A nan sai a rage hoton a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, lokacin da aka ɗora shi, da sharp ɗin dai, ko a bar wa kamfanonin sarrafa hoto irin su Cloudinary, ko WordPress wadda take rubuta srcset da kanta tun sigar 4.4 ta 2015. Ka tambaye shi wannan kafin ka fara rubutu. In ka turo CSS ɗin jerin kayan da faɗin da shafin yake tsayawa a kwamfuta, zan taya ka fitar da sizes ɗin da ya dace da shi, in sha Allahu.