Ku Tambaya Mu Amsa: Filin Jirgin Santa Monica

Tambaya: Salam Malam, zan je Los Angeles wajen yayana, shi ne naji wai za a rufe wani tsohon filin jirgi a Santa Monica, dan Allah da gaske ne, kuma ana barin mutum ya shiga kallo? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, gaskiya ne kam. Tun 2017 hukumar birnin da hukumar jiragen saman Amurka suka yi yarjejeniya za a iya rufe shi ƙarshen 2028, har an rage titin saukar jirgi zuwa ƙafa 3,500, don maƙwabta sun daɗe suna kuka da ƙara da hayaƙi, so suke a mayar da wajen lambun shaƙatawa. Ni dai wallahi abin yana taɓa ni, nan fa kamfanin Douglas ya ƙera DC-3, jirgin da ya sa jigilar fasinja ta kankama a duniya. Ka je, akwai wajen tsayawa kaga ƙananan jirage na tashi, sannan gidan tarihin Museum of Flying na gefe, amma ka duba ranakun buɗewa kafin ka fita.