Hoton waya ba ya raɗa wa ƙwaro suna

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Damagaram. Da damina na kama wani malam-buɗe-littafin dare a gindin fitila, unguwar Birni. Da na sa hotonsa a Facebook, wani ya ce ko irin na tsibirin Madagaska ne ko sabon jinsi, wai in tura kuɗi ya yi masa rajista da sunan mahaifina. Tsorona kar wani ya riga ni.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka. Suna ba ya tabbata sai an wallafa cikakken bayani, an kuma ajiye ƙwaro guda a matsayin shaida inda masana za su iya zuwa su duba.

Dubi na Madagaskar da aka ambata maka. A 1862 Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya ga wani furen Madagaska mai maƙogwaro kusan santimita 30, ya ce lalle akwai ƙwaro mai harshen da ke kai wa gindinsa. Sai 1903 masana ƙwari biyu, Rothschild da Jordan, suka bayyana shi, suka kira shi praedicta, suna ɗaukarsa reshen Xanthopan morganii, wani malam-buɗe-littafin dare na nahiyarmu. Sai a 2021, bayan an duba al'aurarsa da ƙwayoyin halittarsa, aka ce jinsi ne mai zaman kansa. A tsibirin kawai yake, me zai kawo shi Birni?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan tunani na cewa duk ƙwaron da idonka bai saba da shi ba sabon jinsi ne. Kullum sai an turo mini irin wannan hoto: fiffike a goge, ba rana, ba wuri, ba tsiron da aka same shi a kai. Rashin sani ya fi dare duhu! Tun 1773 wani masanin ƙwari mai suna Drury ya faɗa wannan rami: aka ba shi wani ƙwaron Madagaska da aka manna masa kai na wani jinsi daban, ya bayyana shi a haka, har yana zaton daga Sin ya fito. Shi fa yana riƙe da ƙwaron a hannu, balle mai kallon hoto.

Kuma a ƙasar gero da dawa, baƙon ƙwaro abin kai rahoto ne tun kafin a yi zancen suna. Tsutsar masara mai ɓarna, Spodoptera frugiperda, daga nahiyar Amurka ta shigo, aka fara ganinta a yammacin Afirka a 2016, kuma uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ce mai launin toka, wadda ba wanda zai waiwaya ya kalla. Kai kana ɓoye naka don sunan Baba, alhali wataƙila 'ya'yansa na cikin gonar maƙwabci.

Busar da shi, ka rubuta rana da unguwa da fensir, ka kai wa malaman ƙwari na jami'arku ko ma'aikatar noma.