Cinikin mota mai ɗaki ya rushe, kafin alƙalami ya maƙale

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya, ina zaune a Samaru. Sana'ata a yanzu ita ce sayen zuma da citta da waken soya a ƙauyuka, daga yankin Saminaka da Kachiya har zuwa tsaunin Mambila, kuma nakan yi kwana huɗu ko biyar ban dawo gida ba. Wahalar masauki ce ta sa na ƙwallafa rai a kan irin motar nan mai ɗaki a cikinta, wadda take da gado da wurin girki da ɗan banɗaki. Wani dillali ya turo mini hotunan wata ƙirar Fiat Ducato da ke Legas, muka yi ciniki ta waya, na tura naira miliyan uku kafin alƙalami. Da na aika ɗana da makanikina su ɗauko ta, sai suka tarar rufin yana yoyo, daɓen kusa da banɗakin ya ruɓe har ƙafa tana nutsewa, lambar shasin da ke jikinta kuma ba ita ce a takardar kwastan ba. Na fasa. Mai motar ya maido mini miliyan ɗaya, ya ce sauran sai ya sayar da ita. Wata biyu ke nan. Abin ya dame ni, domin na riga na ba iyalina da 'yan majalisarmu labari, har an fara kirana mai gida a kan taya. Yanzu wani dillalin ya turo hotunan wata, ya ce in ban yi sauri ba za ta wuce ni. Yaya zan yi da kuɗina, kuma yaya zan nemi wata ba tare da na sake faɗawa rami ba? (Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri. Fasawar da ka yi daidai ce, kuma makanikin nan naka ya ci tukuici, domin a cikin aibobi ukun da ya gano kowanne shi kaɗai ya isa ya rushe ciniki. Na ƙarshen ya fi sauran muni. Ruɓaɓɓen katako ana sauya shi, amma motar da lambar shasinta ta saɓa da takardar fito, jami'an kwastan na iya riƙe ta a shinge tun kafin ta bar yankin Ibadan, kuma rasidin dillali ba zai fitar da ita ba. A tuna cewa a watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya sa aka sami motoci da yawa a kasuwa da ke yawo da takardun da ba nasu ba.

Abubuwa biyu ne a gabanka, karɓo kuɗi da neman wata mota, kuma shawarata ita ce kada ka bari ɗaya ya ja ɗaya. Mai motar na iya cewa ka zo ka zaɓi wata a cikin nasa a cire miliyan biyun, wannan kuwa hanya ce ta mayar da asarar miliyan biyu ta zama ta goma.

Game da kuɗin, maganar "sai na sayar" ba alkawari ba ne, domin ba ta da rana, kuma motar da daɓenta ya ruɓe tana iya shekara a garejin ba ta sami mai saye ba. Miliyan ɗayan da ya maido ta yi maka amfani fiye da yadda kake zato, saboda ta nuna ya amince akwai kuɗinka a hannunsa. Ka ciro bayanin asusunka daga banki wanda ya nuna fitar miliyan uku da dawowar ɗaya, ka adana hotunan da aka turo maka da saƙonnin murya da duk abin da aka rubuta a WhatsApp, ka kuma sa ɗanka da makanikin su rubuta abin da suka gani tun ba su manta ba. Daga nan ka kira dillalin, wanda shi ne ya haɗa ku kuma mai yiwuwa ya riga ya ci wani abu na la'ada, ka nemi a rubuta takarda mai ɗauke da adadin da ya rage da ranar biya, ko da kashi-kashi ne, da sa hannun shaidu biyu. Wannan ba rashin yarda da mutum ba ne, umarnin rubuta bashi yana nan a aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Masu sayar da motoci suna da ƙungiya a kusan kowace kasuwa, kuma shugabanninsu sukan matsa wa ɗansu lamba idan aka kai musu ƙara da hujja, don tsare sunan kasuwar. Idan ranar ta wuce bai biya ba, wasiƙar lauya ce mataki na gaba, sannan kotu. Ta fuskar addini ma kana da madogara, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami idan ciniki bai tabbata ba, balle a nan da aka ɓoye aibi, wanda shi kansa yana ba mai saye damar mayar da kaya. Abin da ba na so ka yi shi ne neman 'yan sanda su kamo shi don a tsorata shi, domin karɓar bashi ba aikinsu ba ne, kuma sau da yawa kuɗin zirga-zirga tsakanin Zariya da Legas yakan cinye rabin abin da ake nema.

Batun tsokanar majalisa ba zan daɗe a kai ba. Za su yi mako biyu su sami wani. Na ambace shi ne kawai domin na lura shi ne yake tura ka wajen dillali na biyu, kuma wanda ya shiga kasuwa don ya rufe bakin mutane yakan sayi abin da ya fara gani. Shi kuma wancan da ya ce za ta wuce ka, ka bar ta ta wuce. Mota mai ɗaki ba shinkafa ba ce a ƙasar nan, masu nemanta ƙalilan ne, kuma mai ita ya fi ka matsuwa.

Yanzu ga abin da na fi so ka yi tunani a kai. Anya irin waccan motar ce ta dace da aikinka? Waɗanda ake kawo mana daga Jamus da Holan da Faransa an ƙera su ne don iyalin da za su yi hutun mako biyu ko uku a shekara, a kan kwalta mai santsi, su kwana a filayen da aka tanada masu wutar lantarki da famfo da wurin zubar da ƙazantar banɗaki. Gaban motar da injinta na kamfanin mota ne, galibi Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ko Ford Transit, amma ɗakin wani kamfani ne yake ɗora shi, kuma a tsofaffin da ke isowa nan bangon siririn gwangwani ne ko roba a waje, soso mai tauri a tsakiya, katako a ciki. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne danƙon da aka liƙe gaɓoɓin da shi, a gefen tagogi da ƙofar rufi da kusurwoyi. Wannan danƙon yana bushewa da shekaru, zafin ranar Maris da Afrilu yana ƙara fasa shi, girgizar hanya tana buɗe gaɓoɓin, sannan ruwan Agusta na Zariya ya zo ya sami ƙofa a buɗe. Ruwan ba ya nuna kansa sai ya gama cin katakon ta ciki, shi ya sa hoto ba ya nuna wannan aibin ko da mai ɗaukar hoton mai gaskiya ne. Ga kuma bayanta da yake zarce tayoyin baya da tsawo, wanda zai riƙa dukan ƙasa a kowane kwazazzabo. Ka yi tunanin hawan Mambila da ita zuwa Gembu.

Akwai kuma maganar nauyi, wadda ta shafi sana'arka kai tsaye. Mafi yawansu an ƙayyade musu kilo 3,500 gaba ɗaya, da mota da mutane da kaya, saboda iyakar lasisin tuƙi na gama-gari ke nan a Turai. Ɗakin da kayan cikinsa sun riga sun cinye mafi yawan wannan nauyin, kuma kowace lita ta ruwa a tanki kilo ɗaya ce. Buhunan citta kaɗan da jarkokin zuma za su sa ka wuce iyaka, kuma sifirin da birki ne za su biya.

Da ni ne kai, bas zan nema wadda makanikan Sabon Gari suka san cikinta kamar tafin hannunsu, in gina ɗakin da kaina. Toyota Hiace mai dogon rufi, wadda direbobi ke kira Homa, ita ce ta fi sauƙin kayan gyara, domin abin da aka rasa a Zariya za a same shi a Ƙofar Ruwa a Kano kafin la'asar. Sprinter ta fi ta faɗi da tsayi, mutum yana miƙewa tsaye a cikin mai dogon rufi, amma ka fifita tsohuwar ƙira mai sauƙin inji a kan sababbin da ke da matatar hayaƙi, wadda dizal maras kyau ke toshewa har kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi a tsakiyar daji. Idan har zuciyarka na kan Ducato, ka sani ita da Peugeot Boxer da Citroën Jumper gangar jiki ɗaya suke da ita, don haka kayan jiki da yawa suna shiga juna, sai dai injin yakan bambanta. Jikin bas ƙarfe ne guda daga masana'anta, ba shi da gaɓoɓin da za su yi yoyo, kuma bas ba ta jan ido a shinge ko a kasuwar ƙauye kamar farar mota mai tagogi da labule, wadda ke sanar da kowa cewa mai kuɗi ya iso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yawo da kuɗin sayen amfanin gona a hanyoyinmu na yau.

Ginin cikin ba ya buƙatar abin mamaki. Mai walda da kafinta za su yi maka gado mai naɗewa a gefe ɗaya, a bar ƙarƙashinsa da bayan motar don kaya, kuma irin wannan aikin masu sana'ar Panteka a Kaduna sun yi wanda ya fi shi wuya. A sa abin tare zafi a rufi kafin a rufe shi da silin, a ɗora faifan sola a sama da batir na daban wanda ba na tayar da inji ba, a sa fanka da ƙaramin firji mai kwamfuresa. Firjin da ke zuwa da motocin Turai, mai aiki da gas, yakan gaza idan zafi ya tsananta, don haka ba ka yi asarar komai ba a nan. Tukunyar gas ta zauna a akwati na musamman mai huda a ƙasa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya idan ya tsiyaya. Kada a kunna janareta ko gawayi a cikin mota ko a bakin tagarta da dare ko da sanyin Mambila ya kai yaya, hayaƙin da ke kashe mutum a barci ba shi da wari. Kafin a cire kujeru kuma ka je ofishin masu duba lafiyar motoci ka bayyana abin da kake son yi, domin takardunka su dace da abin da motar ta zama, kuma in za ka sa baƙin gilashi ka nemi izinin 'yan sanda.

Ko wace ka zaɓa, cinikin biri a sama ya ƙare. Ka je da ƙafarka tare da makanikin nan, ku karanta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a jikin ƙarfen motar, ku gwada ta da takarda harafi bayan harafi, sannan ku kai lambar takardar fiton ofishin kwastan a tabbatar muku an biya. Ku tayar da injin da safe yana sanyi, ku shiga ƙarƙashinta ku duba tsatsa, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Idan mai ɗaki ce, ku shaƙi warin cikinta da zarar an buɗe ƙofa, ku danna bango da yatsa a ƙarƙashin tagogi da cikin kabad, ku sa a watsa mata ruwa a rufi ku zauna a ciki ku jira. Mai motar da ya ƙi a yi wannan ya ba ku amsa. Kuɗi kuma ya shiga asusun wanda sunansa ke kan takarda, a ranar da makulli zai shiga hannunka. Kafin nan, ka cire kujerun bayan motar da kake hawa yanzu, ka shimfiɗa katifa, ka yi tafiya biyu ko uku kana kwana a ciki a ƙofar gidan mai gari ko harabar da ke da masu gadi, domin ka san abin da kake buƙata da gaske kafin ka biya kafinta.

TAMBAYA: Malam, ɗana da ke aiki a Ingila ya ce irin waɗannan motoci masu ɗaki suna da araha a can, yana so ya turo wa mahaifinsa ɗaya. Akwai matsala? (Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya)

AMSA: Hajiya, Allah ya yi masa albarka, amma ki ce ya dakata. Motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun watan Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, wanda ke buƙatar sitiyari a hagu, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama a titunanmu ba. Ana juya sitiyari a wasu garejoji, sai dai aikin ya shafi birki da wayoyi da gaban motar baki ɗaya, ƙofar ɗakin kuma tana nan a gefen hagu, wato duk wanda zai sauka zai sauka ne a tsakiyar titi. Ta Amurka sitiyarinta daidai yake da namu, amma kayan wutar ɗakinta na bolt 120 ne, namu 230, ga girma da shan fetur. Idan ya nace sai ya saya a waje, ya nemi mai sitiyarin hagu daga Jamus ko Beljiyam ko Holan, ya sa a auna danshin bangonta da na'ura kafin ya biya, ya kuma tambayi wakilin fito a Legas kuɗin kwastan da iyakar shekarun motar da ake karɓa kafin a ɗora ta a jirgin ruwa.