Hukuncin Gyara Gida Kafin Zuwan Mai Ƙiyasta Darajarsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gida a Zariya da nake son sayarwa, mai sayen kuma ta hannun wani banki marar ruwa zai biya, bankin ya ce zai turo masani ya ƙiyasta darajar gidan kafin a yanke ciniki. Dillalina ya ba ni shawarar in yi fenti, in sauya silin da ruwa ya ɓata, in shafe wata tsaga da ke bangon baya da siminti, in aro sola da batura a wurin ƙanina in kafa na ranar kawai, in gaya wa masanin an taya gidan fiye da yadda aka taya, sannan in ba shi na goro. Wanne ya halatta a cikin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya ɗan'uwa, shawarwarin dillalinka ba hukuncinsu ɗaya ba, domin wasu suna ƙara wa gidan daraja da gaske, wasu kuwa idon mai dubawa kawai suke rufewa. Mutum yana da 'yancin kyautata hajarsa kafin ya kai ta kasuwa, shi ya sa babu laifi ka yi fenti, ka share harabar gida, ka gyara famfo da wayoyin lantarki, ka sauya ƙofar da gara ta ci, ka kuma tattara takardun mallaka su zama a kammale. Haka nan ya halatta ka nuna wa masanin rasit na abin da ka kashe, ka ambaci alherin unguwar, kamar kusanci da titi ko samun ruwa, matuƙar gaskiya ne. Duk ƙarin kuɗin da wannan ya jawo maka halak ɗinka ne.

Matsalar tana farawa daga silin. Idan ka hau ka gyara kwanon da ke yoyo sannan ka sauya silin, ka kawar da aibin, kuma ka yi daidai. Idan kuwa ka bar kwanon da hujinsa ka sa sabon silin a ƙarƙashinsa, kana dogaro da cewa yanzu rani ne ba wanda zai gane sai damina ta sauka, to wannan algus ne. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A lura cewa mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, laifinsa ɓoyewa ne, kamar yadda kai ma ba kai ka huda kwanon ba.

Tsagar bango ita ce na fi jin tsoro, saboda a nan ba dukiya kaɗai ake magana ba, har da rayukan iyalin da za su kwana a ƙarƙashinsa. Ka kira injiniya ko maginin da ya san aikinsa ya duba. Idan shafe ne kawai ya tsage, a gyara shi, magana ta ƙare. Idan kuwa tsagar daga tushen gini take, ko ƙasa ce ke zaunawa, shafa mata siminti da fenti bai warkar da ita ba, kuma wajibi ne ka bayyana ta ga masanin da mai saye. Ibn Abi Zaid ya kawo a cikin Risala cewa ba ya halatta a ɓoye aibi a ciniki, ko mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗe shi mai saye zai ƙi ta ko farashinta ya ragu. Malaman Malikiyya sun yi bayani na musamman a kan aibin gida: ƙaramin da ba ya rage kima ba a komawa kansa, matsakaici kamar tsagar bangon da ba a jin tsoron ta rushe gidan ana mayar wa mai saye gwargwadon abin da ta rage, babba kuwa, irin wanda ake jin tsoron rushewa ko wanda ya yanke wani amfani, kamar rijiya mai gishiri a inda rijiyoyin maƙwabta ke da ruwan daɗi, yana ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Wannan bayani ne na haƙƙin mai saye a gaban alƙali, zunubin ɓoyewa kuwa yana nan a kan wanda ya sani ya yi shiru.

Aron sola don a lissafa ta cikin kimar gida sannan a kwance ta washegari haramun ne. Asalinsa hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya hana a bar raƙuma ko tunkiya kwanaki ba a tatsa ba don hantsarta ta cika a zaci mai yawan nono ce, aka kuma ba wanda ya saya zaɓin ya riƙe ta ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Daga nan malamanmu suka ce yaudara da aiki tana daidai da sharaɗin da aka furta da baki. In har solar tana gidan a ranar saboda wani dalili, ka faɗa a fili cewa ba ta cikin ciniki.

Cewa an taya gidan da kuɗin da ba a taya ba ƙarya ce, kuma ta shiga cikin najashu da Annabi (SAW) ya hana, wato ɗaga farashi don a ruɗi wani. Masu ƙiyasi suna dogara sosai da farashin da aka sayar da gidaje irinsa a unguwar, don haka ƙaryar ba a gidanka kaɗai za ta tsaya ba, tana iya shafar cinikin maƙwabta. Na goro kuma, idan an bayar da shi don a ɗaga adadi, cin hanci ne ko da wane suna aka kira shi, kuma an la'anci mai bayarwa da mai karɓa a hadisin Abu Dawud da Tirmizi. Masanin nan amintacce ne na wanda ya turo shi, rahotonsa shaida ce, ladan aikinsa kuma yana kan yarjejeniyar da aka yi a bayyane. Kada a ce ai banki ne zai biya, domin bankin zai saya ne ya sayar wa ɗan'uwanka mai sayen gidan da riba a kan wannan farashin, shi ne zai yi shekaru yana biyan ƙarin, kuma Allah Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29.

Idan ka riga ka shafe tsagar kafin wannan amsa ta iske ka, ba sai ka kankare ba. Ka nuna wa masanin wurin, ka gaya masa faɗinta da lokacin da ta fara, ka nemi a rubuta hakan a takardar ciniki a gaban shaidu. Dillalin kuma ka sanar da shi cewa la'adar da ta ƙaru ta hanyar ruɗi ba ta halatta gare shi ba.

Allah ne Mafi sani.