Tambaya da amsa: Me ƙasa za ta yi da masana'antar fim tata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne, ga finafinan Amurka da na Indiya nan cike da waya, sun fi kuɗi sun fi kayan aiki, to me ya sa wasu ƙasashe ke zuba kuɗi wajen raya nasu? Kuma wa ake yi wa, mutanen gida ko masu ba da lambar yabo a waje?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya ne sun fi kuɗi, amma akwai abin da kuɗi ba ya saye, wato mutum ya zauna ya ga irin fuskarsa a majigi, ya ji ana faɗa ana soyayya ana barkwanci da yarensa, irin barkwancin da in an fassara shi sai ya mutu. Ki duba Masar, tun da masanin tattalin arziki Talaat Harb ya kafa kamfanin shirya fim na Studio Misr a 1935 finafinansu suka dinga yawo a ƙasashen Larabawa, yana daga cikin abin da ya sa har yau Balarabe daga Maroko zuwa Iraƙi yake gane Larabcin Alƙahira. Shi kuwa Ousmane Sembène na Senegal marubuci ne fa tun farko, sai ya lura mutanen da yake rubutu a kansu galibi ba za su karanta littafin Faransanci ba, shi ya sa ya koma kyamara, a 1968 ya fitar da Mandabi da yaren Wolof. Ga kuma aikin yi, don bayan jarumin nan akwai mai ɗaukar hoto da mai sauti da tela da direba da mai tace fim.

To sai batun me ya sa gwamnati ke shiga. Matsalar lissafi ce. Fim ɗin Amurka ya riga ya mayar da kaso mai yawa na kuɗinsa a babbar kasuwarsu, in ya zo ƙaramar ƙasa ƙari ne kawai, shi kuwa furodusan gida wannan 'yar kasuwar ita ce komai nasa, in masu sinima suka hana shi gurbi ya kaɗe. Faransa ta kafa hukumar kula da fim ta ƙasa, wato CNC, a 1946, kuma ana cire kusan kashi 11 cikin 100 daga kowane tikitin sinima, har na fim ɗin Amurka, a zuba a asusun tallafa wa fim na gida, dabarar nan wallahi tana burge ni don mai kallo ne ke biya ba tare da an tilasta masa abin da zai kalla ba. Koriya ta Kudu ita dokar kwanaki ta yi, dole kowace sinima ta nuna fim ɗin gida kwana 146 a shekara, a 2006 aka rage zuwa 73 saboda cinikayya da Amurka, 'yan fim suka yi ta zanga-zanga suna ganin ƙarshe ya zo, amma masana'antar ba ta mutu ba, a shekarun 2010 kusan rabin tikitin ƙasar na finafinan gida ne, saboda zuwa lokacin mutane sun riga sun ɗanɗana suna so.

Inda nake so ki tsaya ki kula shi ne doka tana buɗe ƙofa ne kawai, ba ta jawo mutum ya shigo. Birtaniya ta gwada a 1927, ta wajabta nuna wani kaso na finafinan gida, sai aka shiga haɗa na araha da gaggawa don kawai a cike sharaɗi, da yawansu suka ɓata sunan fim ɗin ƙasar a idon 'yan ƙasar kansu, duk da dai wasu daraktoci a nan suka koyi aiki.

Amsar tambayarki ta biyu kuwa, ni a ganina mai kallo na gida ne farko, kuma ba na jin daɗin fim ɗin da aka tsara don alƙalan bukukuwan fim na Turai, a tara talauci da kuka a kai musu, a ci kyauta, a gida kuwa ba sinimar da ta haska shi. Ba wai kyauta laifi ba ce. Fim ɗin Parasite na daraktan Koriya ta Kudu Bong Joon-ho da ya ci Oscar na fim mafi kyau a 2020, na farko da ba da Ingilishi aka yi ba, sama da mutum miliyan 10 ne suka kalle shi a sinimomin Koriya kafin nan, labarin mai kuɗi da talaka ne a birnin Seoul, da yarensu da damuwarsu.

Sannan kar a ɗauka son mai kallo yana nufin a yi ta maimaita abu ɗaya don ya taɓa karɓuwa, yanzu da waya a hannu mai kallo ya ga na kowa, in sauti ya lalace ko labari ya yi ta jan ƙafa, cikin minti biyar ya sauya zuwa wani.