Amsa ga 'Yata a Kan Komawa Jami'a Don Karatun Halayyar Ɗan Adam

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso gare ni, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin in zauna in ba ki amsa. Kin ce bayan kin kammala digirinki a ilimin sinadarai zuciyarki ta karkata ga ilimin halayyar ɗan Adam, kina so ki san ko al'adar masu wannan fanni ce su karɓi wanda ya fito daga wani fannin, ko kuwa za a riƙa yi miki kallon bare wadda ta watsar da abin da ta sha wahala a kansa. Kin kuma tambayi abin da ake tsammani daga irinki idan ta shiga.

Game da tambayar farko, ki kwantar da hankalinki, domin baƙi ne suka aza harsashin wannan fanni. Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen farko na wannan ilimi a birnin Leipzig na Jamus a 1879, likitanci ya karanta, haka ma William James na Amurka. Ivan Pavlov na Rasha, da ake koyar da gwajinsa na karnuka a shekarar farko, masanin ayyukan gaɓoɓin jiki ne, kuma lambar Nobel da aka ba shi a 1904 a kan narkewar abinci ce. Jean Piaget, wanda ya yi suna wajen nazarin yadda tunanin yaro ke bunƙasa, ya yi digirinsa na uku ne a kan dodon koɗi da danginsa. B. F. Skinner kuwa adabin Ingilishi ya fara karantawa, ya gwada zama marubuci bai dace ba, sannan ya nufi jami'ar Harvard, inda ya gama digiri na uku a 1931. Kowannensu ya shigo da guzurin da ya yi a wani wuri, kuma da wannan guzurin ya amfanar.

Sai dai karɓar baƙo ba ta nufin ya shiga ta katanga. A zamanin waɗancan mutane fannin bai yi ƙofa ba, yanzu kuwa ya yi, kuma kowace ƙasa da irin tata. A Birtaniya akwai kwas na musamman, yawanci na shekara ɗaya, da aka tsara domin masu digiri a wani fanni, wanda ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar take tantancewa. Idan mutum ya gama, ya zo daidai da wanda ya yi digirin farko a fannin ne kawai, ba wai ya zama mai duba marasa lafiya ba. Mai son wannan aiki sai ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararru, sannan ya nemi gurbin digiri na uku na shekara 3, kuma gurbin yana da wuyar samu. A Amurka ma yawancin jihohi ba sa ba da lasisi sai da digiri na uku, da sa'o'in aiki masu yawa bisa kulawar wani babba, da jarrabawa. Saboda haka kafin ki cike kowace takarda, ki bincika ko hukumar da ke kula da sana'ar a inda kike son yin aiki ta amince da kwas ɗin. Ki kuma bambanta masanin halayyar ɗan Adam da likitan ƙwaƙwalwa: na biyun likita ne da ya fara karanta likitanci, kuma shi ne a mafi yawan wurare yake rubuta magani.

Abin da ke ba wa masu shigowa mamaki shi ne yawan lissafi. Da yawa suna zuwa da zaton za su zauna ne suna sauraron damuwar mutane, sai su tarar da ƙididdiga da dabarun bincike sun cinye musu rabin lokaci. A nan digirinki zai yi miki rana, tun da kin saba da awo, da maimaita gwaji, da ƙin yarda da sakamako sai an tabbatar. Fannin yana bukatar wannan ɗabi'a ƙwarai. A 2015 wasu masu bincike sun wallafa sakamakon sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga a manyan mujallu, kuma waɗanda suka sake tabbata ba su kai 40 ba. Amma ina ja miki kunne da abu guda: sinadarin da ke cikin kwalba bai san ana kallonsa ba, ɗan Adam kuwa ya sani, yana jin kunya, yana ɓoye abin da ke ransa, yana faɗin abin da yake zaton kina so ki ji. Idan kika shiga kina ganin ilimin da kika baro ya fi wannan tsauri, girman kai zai hana ki koyo. Ki zauna a sahun ɗalibai, ko da wasu malaman ba su girme ki ba.

Yanzu na zo ga al'adar da na fi so ki riƙe, wadda a ganina ta fi duk sauran nauyi, wato riƙon amana da kame harshe. Wanda ya zauna a gabanki ya buɗe miki cikinsa ya ba ki abin da watakila bai taɓa ba matarsa ko mahaifiyarsa ba. Ƙa'idar sana'ar ita ce maganar ta tsaya tsakaninku, ba a kai ta hira, ba a ba da ita misali ta yadda za a gane mai ita. Iyakarta sananniya ce, kuma tun zaman farko ake shaida wa mutum: idan akwai barazana ga ransa ko ran wani, ko ana cutar da yaro, to wajibi ne a sanar da wanda ya dace. Haka kuma, a wurare da yawa, duk ƙwarewar mutum ba ya aiki shi kaɗai, yana da babba da yake kai wa aikinsa domin a duba, saboda mai sauraron damuwar mutane kullum shi ma idonsa yakan rufe ga kuskurensa.

Daga wannan ne wata ƙa'idar ta fito, wadda ta shafe mu kai tsaye: ba a duba ɗan'uwa ko aboki. Na ga ɗalibai da yawa, bayan zangon karatu ɗaya, sun fara laƙaba wa na kusa da su sunayen cututtuka, wannan yana da kaza, waccan tana da kaza, alhali sanin alama a littafi daban, gano ciwo daban. Suna irin wannan idan ya fito daga bakin wanda ake ganin ya karanta, yakan manne wa mutum shekaru, ya ɓata masa aure ko zumunci. Dalilin hanin ma a fili yake: ba za ki iya kallon ƙanenki da idon da babu so ko haushi a cikinsa ba, shi ma ba zai faɗa miki abin da ya shafe ki ba. Idan kin ga wani namu yana cikin matsala, ki saurare shi a matsayinki na 'yar'uwa, sannan ki nuna masa hanyar wani ƙwararre. Za a matsa miki, domin mutane sukan ɗauka mai wannan ilimi yana karanta zuciya da kallo ɗaya. Ki gaya musu cikin ladabi cewa ba haka abin yake ba.

Abin da ya rage shi ne ki tantance reshen da kike so, domin ba duka ne ke kai wa asibiti ba. Akwai mai nazarin yadda yara ke koyo, akwai mai aiki da ma'aikatu, akwai mai binciken alaƙar ƙwaƙwalwa da hali, kuma wannan na ƙarshe shi ya fi kusa da abin da kika karanta, tun da saƙonnin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna sinadarai ne ke ɗauke da su. Ki nemi mutum biyu ko uku masu aikin, ki tambaye su yadda wuninsu yake gudana, sannan ki rubuto mini wanda kika zaɓa da kwas ɗin da kika samo, mu duba sharuɗɗansa tare. Ki gaishe mini da mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Baffanki.